An Ɗora Masa Bashi, An Sayar Da Gurbinsa, Sannan An Ce Kwas Ɗinsa Ne Na Banza

A watan Afrilun 2025, wajen miƙa lasisi ga wasu sababbin jami'o'i masu zaman kansu a Abuja, Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya ce Najeriya ta ƙoshi da masu digirin kimiyyar zamantakewa, yanzu masu fasaha da aikin hannu take nema. Maganar ta ɓata mini rai ƙwarai, kuma har yau ba ta sake ni ba. Gwamnatin da ministan yake yi wa aiki ita ce ta buɗe asusun ba ɗalibai rance. Ita ce take shela a kafafen yaɗa labarai 'ya'yan talakawa su zo su cika fom, har da masu karanta kimiyyar siyasa. Ita ce kuma ta juyo tana gaya musu ba ta buƙatar abin da suka ci bashi domin su karanta. To in kun san ba kwa buƙatarsu, don me kuke ba su gurbi? Don me kuke ba su bashi? Da me kuke so su biya?

Maganar ta riga ta shigo cikin gidajenmu. Yau in yaro ya duba shafin JAMB ya ga an ba shi kimiyyar siyasa, murnar ba ta kai la'asar. Kafin 'yan barka su watse wani kawu zai ce, "To shi wannan karatun, in an gama me ake zama? Kansila?" Uwa ta ce a dai bi shi da addu'a, arziki na Allah ne. Uban kuwa shiru zai yi, yana lissafi a zuci: kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, kuɗin mota, ga ƙanne a baya suna tasowa. Ban ga laifin uban nan ba ko kaɗan. Mutumin da kullum sai ya auna masara da kwano kafin a ɗora tukunya, dole ya auna karatun ɗansa. Haushina yana kan masu riƙe da ma'aunin: su suka tsauwala kuɗin makaranta, su suka danne albashi, su suka raba guraben aiki a tsakaninsu, sannan suka miƙa wa yaro ɗan shekara 18 alƙalami suka ce ya lissafa rayuwarsa, in lissafin ya ƙi laifinsa ne.

Tunda lissafi ake so, a zo a yi shi.

Ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai rance. Sharuɗɗan dokar farkon nan sun nuna masu rubuta ta ba su san talaka ba. Sai ka kawo mutum biyu su tsaya maka, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara goma a bakin aiki, kuma kada abin da gidanku yake samu ya wuce naira 500,000 a shekara. Gidan da ba ya ganin dubu 42 a wata, ina zai samo babban ma'aikacin da zai sa masa hannu? Ba wanda ya karɓi ko sisi a ƙarƙashin wannan doka. A Afrilun 2024 aka soke ta aka yi sabuwa, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya buɗe shafinsa. Yanzu asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, in ɗalibi yana so kuma a riƙa tura masa naira 20,000 duk wata na abinci da sabulu. Babu kuɗin ruwa. Za a fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi tun daga hannun mai biyan albashin. Mai sana'ar kansa shi ma kashi 10 na ribarsa zai riƙa kawowa.

Cire kuɗin ruwa abu ne mai kyau, balle gare mu da muke gudun riba. Akwai kuma yaran da ba don kuɗin nan ba da tuni sun tattara komatsansu sun koma gida. Wannan ban musa ba. Amma bashi bashi ne. Mu mutane ne da ko gawa aka ajiye za a yi mata salla sai an yi shela, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Ba a rene mu da ɗaukar bashi da wasa ba, kuma bai dace gwamnati ta riƙa tallarsa kamar kyauta take rabawa ba.

A ɗauka kuɗin rajista naira 100,000 ne a shekara. Adadin ba daga kaina na ƙago shi ba: a 2023, da Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗi, gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai 7,000, wato dubu ɗari a kan kowane ɗalibi. Shekara huɗu, naira 400,000 ke nan. In ya karɓi dubu ashirin ɗin nan kowane wata har ya gama, ya ƙara 960,000. A haɗa, naira miliyan 1 da dubu 360. Wannan in an gama a kan lokaci, alhali yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Yanzu a ce Allah ya taimake shi ya samu aikin naira 100,000 a wata. Za a riƙa cire dubu goma, zai yi wata 136 yana biya, shekara 11 da wata huɗu. In mafi ƙarancin albashi ya samu, naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, zai haura shekara 16. In kuwa ya faɗa inda da yawansu suke faɗawa, wato koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwa, inda ba a san da zancen mafi ƙarancin albashi ba, a ce dubu 40 ake ba shi, zai shekara 28 yana biya. Wanda ya fara biya yana ɗan shekara 27 sai ya kai 55. Kafin ya gama, ɗansa na fari ya isa shiga jami'a ya ci nasa bashin.

Za a ce mini ai hauhawar farashi za ta cinye bashin, tunda ba ruwa a kansa, miliyan ɗaya ta yau ba ita ce ta shekara goma masu zuwa ba. Haka ne. Sai dai wutar da za ta ci bashin ita ce take cin albashin tun yanzu. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, mafi ƙarancin albashi kuwa ya tsaya a naira 30,000 tun daga 2019 har 2024 bai motsa ba. Dubu bakwai daga cikin dubu saba'in, ga magidancin da yake haya, abincin kwanaki ne aka ɗauke daga bakin 'ya'yansa. Sannan asusun da yake ba da kuɗi mai daraja yana karɓar marar daraja, ƙarshensa ƙafewa. Mun taɓa gani. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe saboda bashin bai dawo ba. A 1993 aka yi dokar Bankin Ilimi, shi ma bai kai ko'ina ba. Ranar da wannan asusun ya fara ƙafewa, ina tsoron a kan ɗaliban za a huce: ko a ɗora ruwa, ko a fara tantance kwas ɗin da ya cancanci rance da wanda bai cancanta ba. Wanda ya saurari ministan ya san wane kwas za a fara jefarwa.

Wannan ɓangaren bashi ke nan. Ɓangaren albashi ne ya fi ƙona mini rai, domin a nan ne ake yi wa yaran ƙarya ido da ido.

Ana nuna musu kamar kasuwa ce ta adalci, wanda ya karanci abu mai amfani ya samu aiki, wanda ya karanci na banza ya zauna. Wace kasuwa? Mai digirin kimiyyar siyasa wurin aikinsa sananne ne: ofisoshin gwamnati, ma'aikatar harkokin waje, hukumar zaɓe, majalisa, ƙananan hukumomi, jaridu, ƙungiyoyin raya ƙasa, aji. Akasarin ƙofofin nan a hannun gwamnati suke, kuma kowa ya san yadda ake shiga. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya zauna a bainar jama'a yana binciken cinikin guraben aiki, aka ji shaidu suna faɗin miliyoyin da suka biya domin a ba su takardar ɗaukar aiki, kuma zargin ya faɗa har kan Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa domin ta hana irin wannan. A 2016 jaridu suka fallasa yadda aka ɗauki 'ya'ya da dangin manya aiki a Babban Bankin Ƙasa ba tare da an tallata guraben ba. Kafin nan, ranar 15 ga Maris 2014, matasa sama da rabin miliyan, kowannensu ya biya naira 1,000, suka cika filayen wasa suna neman guraben da ba su kai 5,000 ba a hukumar shige da fice. Fiye da mutum 15 suka mutu a turmutsitsi. A cikin waɗanda suka cika filayen nan akwai masu digirin injiniya da na kimiyyar sinadarai da na noma. Ba wanda ya tambaye su kwas ɗinsu kafin a tattake su.

Saboda haka duk mai cewa kimiyyar siyasa ce take hana yaro aiki, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Ɗan babba da ya karanci wannan kwas ɗin, a wannan ajin, wataƙila ma da sakamakon da bai kai na ɗan talaka ba, yana gama bautar ƙasa kujerarsa tana jiransa. Bai ci bashi ba, kuma shi ya samu albashin. Ɗan talaka ya ci bashin, bai samu albashin ba. Digirinsu ɗaya. Abin da ya raba su, ɗaya yana da uwa a gindin murhu.

Har alƙaluman da za mu kama mu yi hujja da su an sauya musu fuska. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako mai aiki ne, adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Ba masana'antar da aka buɗe a tsakani da za ta kwashe mutanen nan. Uban da yake son ya auna makomar ɗansa, da wane adadi zai auna?

A bakin wata kasuwa akwai wani matashi da nake cirar kuɗi a wurinsa. Lema ce da teburi da ƙaramar na'urar POS, sai littafin da yake rubuta cinikin yini. Digirinsa na kimiyyar siyasa ne. Naira ɗari yake samu a kan kowace dubu biyar, in intanet ta ɗauke kuma ya zauna haka nan har ta dawo. Bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, na tarar da 'yan dako da masu kayan miya sun kewaye shi. Ya buɗe wayarsa yana nuna musu abin da aka turo wa ƙaramar hukumarsu daga asusun tarayya a watan da ya wuce, yana yi musu bayanin asusun haɗin gwiwa da yadda gwamnoni suke riƙe kuɗin. Wani dattijo ya dafa teburin ya ce, "Yaro, maimaita mini adadin nan." Ya maimaita. Dattijon ya ce, "Kuma rijiyar burtsatsenmu ta shekara a lalace?" Abin da yaron nan ya yi a ƙarƙashin lema shi ne ainihin aikin da aka koya masa, kuma ƙasar nan tana matuƙar buƙatarsa. Ba wanda zai biya shi ko kwabo a kansa. Ƙannensa da suke jami'a yanzu, in suka gama suka buɗe irin wannan teburin, daga naira ɗari-ɗarin nan za a nemi su cire kashi 10.

Yanzu a tambaya: su waye suka mayar da karatu abin cin bashi? Mutanen da suka yi nasu a kyauta. Tsarar da take mulkin ƙasar nan ta shiga jami'a lokacin da ake ba ɗalibi tikitin abinci, gwamnatin jiha ta biya shi alawus, kafin ya gama kuma ma'aikatu suna zuwa har makaranta suna neman wanda za su ɗauka. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu. Ɗalibai suka fito a faɗin ƙasa suna neman a sauke kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali, aka harbe wasu a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyarsu. A kan kwabo 50! Tsarar da ta ga wannan da idonta, ita ce yau take duban jikokinta tana cewa ilimi ba kyauta ba ne.

Abin takaici kuma, har gobe a takarda jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Gwamnati tana nanata haka. Sai aka canja wa kuɗin suna: na rajista, na jarrabawa, na asibiti, na wasanni, na katin shaida. A 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, Jami'ar Legas ta sanar da ɗaga kuɗinta daga wajen naira 19,000 zuwa sama da 190,000 a wasu sassa, kafin zanga-zanga ta sa a rage. Maiduguri da Kano da sauransu kowacce ta ɗaga nata. Ban ɗora wa shugabannin jami'o'in laifin duka ba, domin kuɗin wuta kaɗai ya isa ya durƙusar da su, gwamnatin da ta mallake su kuma ta shekara da shekaru tana ware wa ilimi ƙasa da kashi 10 na kasafinta. Amma a dubi yadda abin ya jeru: an janye hannu daga jami'a, jami'a ta juya kan ɗalibi, sai aka fito da rance aka ce ga taimako. Nauyin da yake kan gwamnati ne aka sauke a wuyan yaro, aka ce kuma ya gode.

Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta samar da ilimin jami'a kyauta duk lokacin da hali ya yi. Sashe na 6 ya zo ya ce ba za ka iya kai ta kotu a kan babin da wannan alƙawarin yake ciki ba. Sashe na 131 kuma ya ce takardar sakandare ta isa mutum ya zama shugaban ƙasa. Ɗalibin kimiyyar siyasa ɗan aji biyu ya san waɗannan sassa uku, ya san yadda suka haɗu suka ɗaure talaka. Shi ne kuma zai iya tambaya: yaushe ne hali zai yi? A Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya gaya wa BBC Hausa cewa kuɗin gudanar da ofishinsa naira miliyan 21 ne a wata. Na yaba masa da ya faɗi gaskiya. Kuɗin ofishin sanata ɗaya na wata ɗaya ya isa ya share bashin shekara huɗu na ɗalibai 15 irin wanda muka lissafa. Sanatoci 109 ne, watanni 12 ne a shekara. Wanda ya iya wannan lissafin shi ake cewa ƙasa ta ƙoshi da irinsa.

Ƙin jinin wannan fanni ba yau ya fara ba. Bayan 'yan sanda sun kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a watan Mayun 1986, kwamitin Janar Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. Kowa ya san malaman da ake nufi: na tsangayar fasaha da kimiyyar zamantakewa ta Samaru, inda su Dakta Yusufu Bala Usman suke. A 1988 gwamnatin Babangida ta kama Dakta Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa, ta fitar da shi daga ƙasar. A shekarar ce ta haramta ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU. Mutumin da ya riƙe ƙungiyar daga 1988 zuwa 1994 malamin kimiyyar siyasa ne daga Jami'ar Bayero, Attahiru Jega. A zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar 1992 wadda ta haifar da harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, abin da ya zama TETFund a yau. Ka shiga kowace jami'ar gwamnati ka ƙirga gine-ginen da suke ɗauke da tambarin TETFund, har da ɗakunan gwaje-gwajen da ministan yake alfahari da su. Mai tambayar amfanin kimiyyar siyasa, ga amsa nan an gina ta da bulo da siminti. Jega ne kuma mutumin da ya jagoranci zaɓen 2015, karon farko da jam'iyya mai mulki ta faɗi a tarayya ta miƙa mulki. Kuma a ƙarshen 2024, daftarin farko na dokar haraji ya nemi a riƙa janye kuɗin TETFund sannu a hankali, zuwa 2030 a juya shi kacokan ga asusun rance. Sai da aka yi ca a kai kafin a gyara. Wato an so a daina gina aji, a koma ba yaro bashi ya zauna a ajin da ba a gina ba.

Jami'o'in ma ba zan wanke su ba, domin suna da nasu kason. Da yawan yaran da suke kimiyyar siyasa ba ita suka nema ba. Lauya suka nema, gurbi ya cika, aka turo su nan. An mayar da sashen wurin jibge duk wanda aka rasa inda za a kai, saboda ba ya buƙatar injin ko sinadari, allo da alli sun isa, kuma kowane kai kuɗin rajista ne. Na shiga ɗakin laccar 'yan aji ɗaya a wata jami'ar gwamnati. Tun bayan asuba wasu suka zo suka ajiye littattafai a kan benci suna kama wuri. Waɗanda suka makara suna kan taga, wasu a ƙasa, wasu a waje sun miƙo wayoyi suna ɗaukar murya. Malamin yana ta ɗaga murya ba lasifika, na baya ba abin da suke ji sai su kwafa daga na gaba. Mutum ɗaya ne zai duba takardun jarrabawar duk wannan taron. Yaushe zai karanta rubutun yaro ya gyara masa hujja? Yaushe zai koya masa ƙididdiga, ko yadda ake karanta kasafin kuɗi, ko yadda ake fita a yi bincike a ƙauye? Sai yaro ya fito da haddar sunayen masana na Turai, bai taɓa buɗe kasafin jiharsa ba. In an ce irin wannan digirin ba ya kawo aiki, akwai gaskiya a ciki. Amma wa ya lalata shi? Shekara da shekaru akwai ƙa'idar ba kimiyya kashi 60, sauran fannoni kashi 40 wajen ɗaukar ɗalibai. Hukumar kula da jami'o'i ce take ƙayyade adadin da kowane sashe zai ɗauka. In an yi yawa, su suka bari aka yi yawa. Yaron da aka turo inda bai nema ba, me ya sa shi kaɗai zai biya?

Hanyar nan da muka hau, wasu sun riga mu bin ta, kuma mun ga inda ta kai su. A Amurka bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.7, a kan mutum sama da miliyan 40. Barack Obama, wanda digirinsa na farko na kimiyyar siyasa ne daga Jami'ar Columbia, ya faɗa da bakinsa cewa shi da matarsa ba su gama biyan nasu ba sai 'yan shekaru kafin ya zama shugaban ƙasa. Da Joe Biden ya nemi yafe wani ɓangare, Kotun Ƙoli ta rushe shirin a Yunin 2023. A Ingila an fara da fam 1,000 a 1998, aka koma 3,000 a 2006, aka kai 9,000 a 2012. Da zarar rance ya samu, kuɗin makaranta sama yake yi. Ostareliya ta ninka kuɗin fannonin zamantakewa fiye da sau biyu daga 2021, da gangan, domin ta kori ɗalibai daga cikinsu. A Kenya hukumar rancensu tana cin tarar wanda bai biya ba shilin 5,000 duk wata. Duk da haka, Amurka tana wallafa wa iyaye abin da masu kowane digiri daga kowace makaranta suke samu da bashin da suke fita da shi. Ingila ba ta taɓa albashinka sai ya haura wani mataki, daga abin da ya haura ɗin take cire kashi 9, bayan shekara 30 ko 40 kuma ta yafe saura. Mu abin da aka gaya mana kashi 10 ne na albashi, shi ke nan. Mun kwaso bashin, mun bar musu garkuwar da suka haɗa shi da ita. Ko shekara biyu tsarin bai yi ba sai da hukumar ICPC ta fara binciken zargin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ɗalibai daga asusun ba su sanar da su ba, ko sun yanke wani abu a ciki. Sunan yaro ne a kan bashin, kuɗin kuwa ko ganinsa bai yi ba.

Kai ƙanena da aka ba wannan kwas, ba zan ce ka guje shi ba, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. In dole ne ka ci bashin, ka tsaya a kuɗin rajista. Dubu ashirin ɗin wata-wata ita ce ta fi kashi biyu cikin uku na nauyin, in da yadda za ka yi ka bar ta. Ka ajiye kowace takarda, ka bi diddigin abin da aka biya da sunanka. Ka yi lissafinka da albashin da ka ga yayyenka suna karɓa, kada ka yi shi da na ɗan wani. Abin da ajin nan mai cunkoso ba zai ba ka ba, ka neme shi da kanka: ƙididdiga, rubutu mai tsafta da Hausa da Ingilishi, Faransanci ko Larabci, da sana'ar da za ta riƙe ka kafin ƙofa ta buɗe. Kuma kada ka yarda kowa ya sa ka jin kunyar karatunka.

Sauran aikin namu ne, iyaye da masu jefa ƙuri'a. A sa a doka cewa ba za a taɓa albashin da bai kai wani mataki ba. A sa ranar da bashin zai faɗi in mutum ya shekara da shekaru bai samu abin biya ba. A tilasta wa kowane sashe na kowace jami'a ya faɗi adadin ɗaliban da yake ɗauka, da malaman da yake da su, da inda waɗanda ya yaye suka ƙare. A tallata kowane gurbin aikin gwamnati a fili, mai sayar da shi kuma a ɗaure shi. Zaɓen 2027 yana tafe, za su zo ƙofar gidajenmu da atamfa da taliya. Duk ɗan majalisar da ya zo, ku tsayar da shi ku tambaye shi nawa ya biya a jami'a, wa ya biya masa, kuma 'ya'yansa nawa ne suka cika fom ɗin NELFUND.